Ranar da Malam Taniyos Ya Kife Kofinsa

Sati uku kacal Malam Taniyos ya taɓa yi a ƙasar Faransa, amma yau shekara arba'in ke nan bai gama ba da labarin tafiyar ba. Duk garin Zahle, da ke gabas da Beirut, an san shi da wannan. Faransanci ya koyar a makarantar mishan har ya yi ritaya, kuma tun da ya dawo daga waccan tafiya ya yanke hukunci cewa jan ruwan inabi na gaske sai wanda ya tsallako teku. Na gida kuwa, a cewarsa, a kurɓa dai don kada a kunyata mai masauki. Abin haushin shi ne mutumin yana da harshe. In ya ɗaga kofi ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, da wuya ka kama shi da kuskure a abin da zai faɗa. Shi ya sa har masu jin haushin iyayinsa suke kasa kunne.

Su huɗu ne, kuma shekara ashirin da shida suna haɗuwa a ɗakin bayan kantin Madam Odet ranar jajibirin bikin waliyiya Barbara, farkon watan Disamba. Akwai shi, akwai Dakta Nazih mai cire haƙori, wanda bai taɓa yarda da maganar Malam ba sai ya ja, akwai Fada Ignatiyos limamin cocin unguwa, sai Abu Jamil, tsohon direban babbar mota, wanda duk inda Malam ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Ranar ce yara ke rufe fuska su bi gidaje, su ma sai suka ce kwalabe su rufe tasu. Madam Odet takan zaɓi kwalba shida, ta zura kowace a cikin safar ulu ta marigayi mijinta, ta ɗaure wuyan da zare, ta liƙa lamba. Ita kaɗai ta san wace ce wace. Su ɗanɗana, su yi gardama, kowa ya ajiye ƙwallon zaitun gaban wadda ya zaɓa. Wadda ta ci sai a rubuta sunanta da alli a allon ƙofar kanti, kuma ita unguwa za ta saya don teburin Kirsimeti. Masu dawowa hutu daga Kano da Abijan da Montiriyal ma allon suke fara leƙawa kafin su ƙarasa gida gaida iyaye.

Doka ɗaya ce a zaman, kuma Malam Taniyos ne ya kafa ta, shekarar da Dakta ya so ya cusa ta surukinsa. Duk wanda ya gane kwalbar gidansu ko ta danginsa, to ya kife kofinsa, kada ya faɗi wace ce, kuma ya kame bakinsa har a gama ƙuri'a.

A bana da nauyi a zuciya ya tashi. 'Yarsa Nayla za ta ƙaura birnin Montiriyal wajen yayanta ran tara ga Janairu, tikiti ma yana kan firji an danne shi da gwangwanin shayi. Shekara uku ke nan da ta ajiye aikin kantin magani ta hau tudu ta farfaɗo da gonar kakanta, tsofaffin itatuwan inabi gajeru masu kwanciya a ƙasa, ta wanke randunansa na ƙasa ta ci gaba da yi yadda yake yi. Kaka uku ta matsa ta cika kwalabe, ga su can jere a ɗakin randuna babu mai tambaya. Wa zai sayi abin da uban mai yi, wanda gari ke ji da harshensa, bai taɓa kai wa baki ba? Ba ma ƙin sha kaɗai ya yi ba. Ya taɓa cewa a gaban abokai inabin nan ko tsami aka ce ya zama sai an roƙe shi, aka yi dariya, maganar kuwa ta zaga gari.

Da safe ya same ta a kicin tana baza ƙwayar alkama a kan jiƙaƙƙiyar auduga cikin faranti, yadda ake yi don ta tsiro kafin Kirsimeti.

“Kin ci wani abu?” ya tambaye ta.

“Na ci, Baba.”

“Can fa sanyi ne da ba ki taɓa gani ba. Yayanki ya ce hanci ma daskarewa yake.”

“Na sayi riga,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Zan hau tudu, akwai randar da zan juye. Ka gaida su Baffa Nazih.”

Yana so ya ce mata kada ta tafi. Ya fi wata guda yana so ya faɗa. Amma mutumin da ya iya jera magana da harshe biyu, wannan ɗaya ta gagare shi. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ƙarfe biyu na rana suka zauna. Madam Odet ta kunna murhu, ta jera burodi da cuku da zaitun, da kwanon dafaffiyar alkama mai rumman a kai. Kwalabe shida na tsaye cikin safunansu, ɗaya ma an yi mata faci a diddige.

“Madam, safar nan an wanke ta bana kuwa?” in ji Dakta. “Bara ta uku warin ƙafar marigayi take yi.”

“Hancinka ne, Dakta, ya saba da bakin mutane,” ta ce. “Zuba wa Fada.”

Aka fara. Ta ɗaya Malam ya shinshina ya ce yarinya ce, a ba ta shekara biyu ta yi hankali. Abu Jamil ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka ya gani. Ta biyu ya lumshe ido ya daɗe, ya ce wannan ta tsallako teku, ta kwana a gangar katako, mai ladabi ce. Daga nan ya ɗauko zancen wani ɗakin ganguna da aka taɓa shigar da shi a Faransa, Fada ya ɗaga hannu.

“Ɗana, na ji labarin nan sau ashirin da biyar. Ko zunubi ne ai an yafe shi haka.”

Ta uku suka haɗu a kan cewa ta zubawa a miya ce, ba ta teburi ba. Akwai bokiti a ƙasa na zubar da abin da aka ɗanɗana, Abu Jamil dai bai taɓa sanin amfaninsa ba, ya ce shi ba a haife shi ya tofar da abin kirki ba.

Sai Madam Odet ta tsiyaya ta huɗu, mai jar safa.

Malam Taniyos ya juya kofin kamar kullum, ya kai hanci. Bai ko kurɓa ba ya tsaya cak. A can ƙarƙashin ƙamshin inabin akwai wani abu siriri, ƙamshin kakin zuma da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Ubansa kan narka kakin zuma duk ƙarshen bazara a shafe cikin randuna kafin a zuba sabon matsi, kuma da yake shi ne ƙarami a gidan, shi ake riƙewa ta ƙafa a zura shi ciki da tsumma a hannu. Sati guda yakan yi yana wannan ƙamshi. A makarantar mishan 'ya'yan masu kanti kan toshe hanci in ya shigo aji, suna kallon faratansa da inabi ya rina. Tun daga lokacin ya rantse sai ya zama mutumin da ake zuba wa, ba mai matsa ba. Ya kuwa zama.

Ya kurɓa. Ya so ƙwarai ya sami aibi, don da ya samu da komai ya zo da sauƙi. Babu. Ruwan ya sauka a hankali, ba kaushi, ba ƙarya, ya bar ɗumi a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Ya fi na ubansa. Gaskiyar da ta fi yi masa ɗaci ita ce ya fi ta biyu ma.

Ya saci kallon Madam Odet. Ita kuwa tana yanka cuku, kamar ba ta san an yi ruwa ba.

“To, Malam?” in ji Abu Jamil, ƙwallon zaitun a hannu tun ba a zo ƙuri'a ba. “Me muka gani?”

Kalma uku za su isa. In ya yabe ta, Abu Jamil ya bi, Fada ya bi don a zauna lafiya, suna ya hau allo, kafin Kirsimeti ɗakin randuna ya zama wayam, wataƙila tikitin nan ya tashi daga kan firji. Ba kuma ƙarya zai yi ba, abin ya cancanta. Amma ya san garinsu. Kafin a cire safa ta shida za a ce uba ya ɗaga 'yarsa, allon da aka yarda da shi shekara ashirin da shida ya zama abin dariya. Ya kuma san Nayla. In ta ji da bakinsa ta ci, ranar za ta fara haɗa akwati. In kuwa ya yi shiru, ya bar ta a hannun mai cire haƙori da limami mai son zaƙi da direban da bai taɓa zaɓar komai da kansa ba.

“A kawo sauran,” ya ce.

Ya ɗanɗana ta biyar da ta shida don kada a gane inda ya tsaya, bai ce uffan a kansu ba. Sannan ya shanye ɗan abin da ya rage, ya kife kofinsa a kan teburi.

Tun da aka kafa dokar ba a taɓa amfani da ita a kan mai ita ba.

“Na gane ɗaya,” ya ce. “Daga nan ba ni da baki.”

Dakta ya kwashe da dariya har da buga cinya. “Yau ga ranar da na daɗe ina roƙo. Fada, ka rubuta a littafin coci, Taniyos ya yi shiru da ransa.” Ya goge ido. “Ta ɗan baffansa ce, mai shigo da kaya ta Beirut. Ta biyu ce ko ta biyar, na rantse.”

“Ko ta Nayla?” in ji Fada.

Dakta ya ce, “Haba, Fada. Madam za ta ɓata safa a kan wannan? Inabin da ko tsami aka ce ya zama sai an roƙe shi?”

Suka yi dariya, Abu Jamil ma ya taya, yana kallon Malam don ya ga an tuna maganarsa. Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Maganarsa ce, ba a ƙara mata ko wasali ba, kuma dole ya zauna ya saurare ta daga bakin wani. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana ɗan aji uku. Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga, don ya lura Abu Jamil na neman amsa a fuskarsa.

Bai taɓa sanin rabin awa na da tsawo haka ba. Ta bayansa yake jin su suna lalube. Fada ya ce shi ta biyu ta kwanta masa, ba ta faɗa da kowa. Dakta ya sake neman ta huɗu, ya kurɓa ya daɗe, ya ce wannan ko daga ina take, wanda ya yi ta ya san aikinsa, kuma ya yi imani daga kudancin Faransa ta zo, don nan ƙasar ba a iya wannan ba. Malam ya cije leɓe. Sau biyu ya buɗe baki ya cusa burodi a ciki.

“Ta huɗun nan za ta dace da gasasshen rago?” Fada ya tambaya. “Ni 'yar uwata rago take yi.”

“Za ta dace da rago, ta dace da talotalo, ta dace da surukarta in ta zo,” in ji Dakta. “Ni dai kwali biyu zan ɗauka ko ta ci ko ba ta ci ba.”

Aka zo ƙuri'a. Fada ya ajiye ƙwallonsa gaban ta biyu. Dakta ya ajiye nasa gaban ta huɗu. Saura Abu Jamil, da ya fara gumi duk da sanyin.

“Malam, ko tari ka yi mana,” ya ce. “Ɗaya in ta biyu ce.”

Malam bai motsa ba. Yana kallon wata mata a titi tana jan itacen Kirsimeti.

“Abu Jamil, shekara talatin kana tuƙa mota daga nan har Bagadaza ba mai nuna maka hanya,” in ji Madam Odet. “Bakinka ne ko na haya?”

Abu Jamil ya ja numfashi. “Ni fa ban iya irin maganarku ba, wai ladabi, wai yarinya. Abin da na sani, sauran duk ina sane na shanye su. Wannan kuwa sai gani na yi kofi ba komai.” Ya ajiye ƙwallon gaban jar safa.

Madam Odet ta kwance zaren ba gaggawa, ta zare safar. Takardar jikin kwalbar fara ce, ba zane ba ado, sai kalma biyu da aka rubuta da hannu: Abu Taniyos, wato uban Taniyos. Sunan da gari ke kiran mahaifin Malam da shi ke nan, sunan da ya samu ranar da aka haifi shi Malam ɗin.

Dakta ya ɗauki kwalbar ya juya ta, ya cire tabarau ya mayar. “Ta Nayla?” Ya dubi Madam. “Ita ta kawo?”

“Ni na hau tudu na ɗauko,” ta ce. “Ta ce in na sa, kada uban ya sani. Na ce ai ba ni zan faɗa masa ba.”

Dakta ya juya ga Malam. “To kai yaushe ka sha har ka gane ta? Kai da ka ce ba ta taɓa shiga bakinka ba?”

Malam Taniyos ya juyo da kujerarsa. Idonsa ya yi ja, amma ya miƙe zaune kamar ranar rabon kyaututtuka a makaranta.

“Ban taɓa sha ba sai yau,” ya ce. “Ni ɗan mai matsar inabi ne, Nazih. A cikin randunan nan na girma. Maganar tsami kuma ni na yi ta, ƙarya ce, na janye ta a gaban Fada.” Ya miƙa hannu. “Madam, ba ni allin.”

Shekara ashirin da shida Madam Odet ke rubuta allon da haruffan Faransanci. Shi da Larabci ya rubuta, manya-manya, har sunan ya cika allon bai bar wurin komai ba. Ya ja da baya ya duba, ya dawo ya ƙara a ƙasa da ƙananan haruffa: aikin Nayla, jikarsa. Ya ce a ajiye masa kwali uku. Madam ta tambaya ko a haɗa masa da ta Faransan da ya saba ɗauka duk shekara, ya ce a ba Fada.

Rabonsa da hawa tudun ya fi shekara ashirin, ƙafafunsa kuwa sun gaya masa haka. Rana na shirin faɗawa bayan dutse lokacin da ya tura ƙofar ɗakin randuna. Ƙamshin ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Nayla na durƙushe tana ɗauraye wata randa, hannu a naɗe, faratanta baƙi ƙirin. Ta ɗago ta ga alli a hannun rigarsa.

“Sunan kakanki na kan allo,” ya ce, yana haki.

Ta ajiye tsumman a hankali. Ba ta yi murmushi ba. “Kai ka sa baki?”

“Biyu da ɗaya. Nazih da Abu Jamil. Nazih ma cewa ya yi daga Faransa ta zo, ki riƙe masa wannan har ya mutu.”

“Baba, tambayarka na yi. Kai fa?”

“Na kife kofi.”

Ta san dokar, a gidan ta girma. Ya ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Mutum ba ya kife kofi sai ya gane, kuma ba a gane abin da aka manta. Ta juya fuska ta goge da gefen hannu.

Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, sai ya cire kwat, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya zura hannu cikin randar har kafaɗa yana shafa bangon ciki.

“Kakin ya yi kauri a wuya,” ya ce. “Ba a shafawa daga sama. Daga gindi ake farawa, ana juyawa, tun yana da zafi. Wa ya koya miki?”

“Ba kowa. Wanda ya iya bai taɓa hawowa ba.”

Ya karɓi wannan, don ya san ya ci bashinta. Ya zaro hannu ya shinshina yatsunsa.

“Ya fi na kakanki,” ya ce. “Ban taɓa shan wanda ya fi shi ba, a nan ko a can. Ina alfahari da ke, 'yata. Da ma tun tuni ya kamata in faɗa.”

Ta dubi jerin randunan. Ta ce, “Yaushe Kaka yake yi wa itatuwan aski? Ni bara na yi da wuri, sanyi ya ƙone mini wasu.”

“Tsakiyar Fabrairu. Ba ya taɓa su kafin nan.”

“Almakashinsa na wajenka?”

“Yana cikin akwatina.”

“To a kai a wasa shi,” ta ce, ta koma ga tsummanta. “Ni zan yi layin sama, kai ka yi na ƙasa, tunda gwiwarka ba ta son hawa.”

Sai da ya kai rabin gangaren sannan ya tsaya ya lissafa da yatsa, shi da ya koyar da yara shekara talatin da biyar, cewa tsakiyar Fabrairu bayan tara ga Janairu take, ranar da ke kan tikitinta. Ya manta kwat ɗinsa a can sama, bai koma ba. Haka ya shiga gari da hannun riga a naɗe, yana ƙamshin kakin zuma, kuma duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya tambaye shi ko ya ga allon Madam Odet.